FILIN ƘAWAYE: Idan Kwana Ya Kama Ki A Birni

   

A wannan fitowar na ɗan ajiye maganar lalle da gyaran amarya, saboda wata wasiƙa da ta zo mini daga wata ƙanwarmu ta wani ƙauye a ƙasar Kabo, wadda tunda na karanta ban samu sukuni ba. Ta roƙe ni kada in faɗi sunanta, ba kuwa zan faɗa ba. Yarinyar nan ta gama sakandare, ta cike jarrabawar JAMB, sai aka jefa ta wata cibiya can cikin birnin Kano, aka kuma ce da sassafe ake son ganin ta a bakin ƙofa. Ba su da kowa a birni in ban da wata 'yar uwar babanta, wadda rabon da su gaisa tun ranar rabon gado. Yayanta ya ce to a kama ɗaki a otal mana, ita da Innarsu su kwana ɗaya. Baba yana jin kalmar otal sai ya miƙe tsaye, ya ce in dai shi ya haife ta ba za ta taka ƙofar otal ba, in jarrabawar ce a fasa. Shi ne take tambayata wai, "Anti, don girman Allah kwana a otal iskanci ne?"

Ƙanwata share hawayenki. Kwana a otal ba iskanci ba ne, abin da ya kai mutum can shi ake dubawa. To amma fa kada ki ga baƙin Baba, ki tsaya ki duba a ina ya san kalmar. A littattafan soyayya da finafinan da ake kallo, yaushe aka taɓa nuna otal in ba Alhaji ne ya faka mota ya shige da 'yar mutane tana rufe fuska da gyale ba? In ya kunna rediyo kuma ya ji a Inda Ranka an ce 'yan Hisba sun kai samame wani masauki sun kwaso 'yan mata. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, aka kuma kafa hukumar Hisba bisa doka a 2003, irin wannan labari bai taɓa yankewa ba. Mutumin da bai taɓa kwana a otal ba, iyakar abin da ya sani ke nan, yaya kike so ya yi? Wallahi ko ni ce shi sai na miƙe tsaye.

Sai dai akwai abin da Baba bai sa a lissafi ba, wato hanya. Daga Gwarzo zuwa Kano kusan kilomita 70 ne, mu kuwa na Madadi da Getso da Kutama da Lakwaya sai mun fara neman abin da zai fito da mu tukuna. Motar tasha kuma kin san halinta, ba ta tashi sai ta cika, ko da kuwa ke kika fara zama tun kiran sallar farko. A bi ta Garo, a bi ta Rimin Gado, a wuce barikin Janguza da sabuwar Jami'ar Bayero, a faɗa cunkoson Rijiyar Zaki, kafin a sauke ki a Kabuga, daga nan kuma ki fara cinikin A Daidaita Sahu zuwa unguwar da ba ki taɓa zuwa ba. A jarrabawar 2025 iyaye sun yi ta ƙorafi a ƙasar nan saboda 'yan zaman farko ƙarfe 6:30 na safe aka ce su hallara. Yo wacce mota ce za ta kai ki cikin birni ƙarfe 6:30 in ba cikin duhu kika baro gida ba? Tsakanin yarinya a bakin titi ƙarfe 4 na dare da yarinya a ɗaki a kulle ita da uwarta, wanne ne ya fi kusa da tsare mutunci? Wannan tambayar nake so a kai wa Baba, amma ba ke za ki kai ba. Ki samu Inna, ko malamin Islamiyyarku, ko wani kawu da yake jin nauyinsa, su same shi bayan sallar isha'i lokacin da ransa ya yi sanyi.

Su kuma tuna masa cewa saukar baƙo a biya ba Bature ne ya kawo mana ba. Tun zamanin da fatake ke tafiya Gwanja sayo goro, ayarin Azbinawa kuma na zuwa da gishiri a bisa raƙuma suna yada zango a Fagge, akwai wanda ake kira fatoma. Shi ke ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kayansa, ya haɗa shi da masu saye, ya karɓi la'adarsa. Kasuwar Kurmi da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ai da baƙi ta cika, su kuwa baƙin nan ba a kan bishiya suke kwana ba. Sunan abin na asali masauki, kuma har gobe za ki ga ƙananan wurare da yawa sun rubuta masaukin baƙi a allonsu. Ba wayo nake koya miki ba, kada ki ce wa Baba gidan ƙawa za ku alhali otal za ku. A faɗa masa sunan wurin da unguwar da yake, in da hali Yaya ya riga ku zuwa ya gani da idonsa ya dawo ya ba shi labari.

Na san wasu za su ce haba Anti, ina laifin gidan 'yan uwa? Babu laifi ko kaɗan, shi ne ma na farko in akwai shi, kuma ni ma can nake sauka mafi yawan lokaci. Amma mu faɗa wa juna gaskiya tunda mu-ya-mu ne. Gidan 'yan uwa ba kyauta ba ne. Ba za ki shiga hannu rabbana ba, sai an ɗaura miki 'yar daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya, wani lokaci har da kaza, in za ki tafi kuma ki damƙa wa yara wani abu. In gidan yana Hotoro ke kuma sabgarki tana Rijiyar Zaki, kuɗin A Daidaita kaɗai ya kusa kama miki ɗaki. Ga gidan haya ɗaki biyu da yara takwas, talabijin na yi har sha biyun dare, ke da za ki tashi da asuba ki zauna gaban kwamfuta. Baƙo raɓa ne in ji Hausawa, kwana ɗaya biyu ana murna da ke, daga na uku sai ki ji ana ajiye kwano da ƙarfi. Ballantana 'yar uwar da ake 'yar tsama da ita, wannan ko ta buɗe miki ƙofa sai labarin ya riga ki komawa ƙauye.

To in an yarda za a kama ɗaki, magana ta farko ita ce da wa za ki. Ke kaɗai dai a'a. Ban ce ba, ban kuma yarda a ce na ce ba. Yarinyar da ba ta yi aure ba ta tafi da Innarta, ko gwaggo, ko yayarta mai aure. In Yaya namiji ne zai raka ki, to ɗaki biyu za a kama, ku kuma riƙe katin shaidarku, don babu wanda aka rubuta wa "wa da ƙanwa" a goshi, kuma mai otal da ɗan Hisba duk suna da ikon tambaya. Ɗaki biyu kuwa kuɗi biyu ne, shi ya sa tafiya da mace ta fi sauƙi ta kowane fanni. Dabarar da na fi so ita ce ta haɗin gwiwa: ku uku ko huɗu 'yan aji ɗaya da aka jefa rana ɗaya, ku samu uwa ɗaya ko malama ɗaya ta jagorance ku, a kama babban ɗaki a raba kuɗin. Ku dai faɗa wa masu wurin adadinku tun a bakin kanta, don wasu ba sa yarda a wuce mutum biyu, wasu kuma sukan ƙara katifa a ƙara ɗan wani abu. Akwai ma wani amfanin 'yar rakiya, ba a shiga ɗakin JAMB da waya ko agogo ko jaka, dole sai da mai riƙe miki a waje.

Sai unguwa. Kada ki ce sai kin ga wuri mai kyau, ki nemi wuri mai kusa. In sabgarki ta Jami'ar Bayero ce, ki tsaya nan bakinmu wajen Kabuga da Rijiyar Zaki da Gadon Ƙaya, kin ga ko cikin gari ba ki shiga ba. In Asibitin Malam Aminu Kano za ku, to ku nemi wajen titin Gidan Zu da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. Cikin badala ba a cika samun otal ba, don haka mai zuwa Asibitin Murtala ko Kurmi a wajen ganuwa za ta nema. Su Tahir da Prince na can Nassarawa, waɗannan mu kalle su ta tagar A Daidaita mu ce Allah Ya ba mu, ba da su nake ba. Sabon Gari kuma ta fi ko'ina yawan otal masu araha, akwai kuma mutanen kirki da 'yan kasuwa da ke sauka a can, sai dai da yawan wuraren haɗe suke da mashaya da kiɗa har tsakar dare. Wanda zai ce a rediyo an ga 'yar wane a can ba zai tsaya tambayar me ya kai ta ba.

Bari in ba ku wani ɗan labari. Shekarun baya na raka gwaggona ganin likitan ido, aka ce mu dawo washegari da sassafe, ita kuma ga ɗigon magani an sa mata ba ta gani sosai, babu halin komawa Madadi. Wuri uku muka leƙa. Na farko tun daga bakin ƙofa muka ga kujerun roba da kwalabe a tsakar gida, muka juya. Na biyu tsaf-tsaf da shi har da furanni, muka yi sallama, sai yaron da ke kan kanta ya ɗago kai ya ce mana, "Na awa kuke so ko na kwana?" Gwaggo ba ta gane ba ta ce, "Ɗan nan, ana yin barci na awa ne?" Ni kuwa na ja hannunta muka fito, sai a titi na yi mata bayani, ta dinga salati tana tafa hannu har muka kai na ukun. To 'yar uwa ki riƙe wannan, duk wurin da ake ba da ɗaki na awa ba wurinki ba ne, ko da kyauta ne. Na ukun wani tsohon gida ne da aka mayar masauki, dattijo ne a kan kanta, ga ɗan masallaci a harabar, ga wata mata da goyo tana shanya a baya. Ya karɓi katin shaidata ya rubuta sunanmu a babban littafi, ya tambayi abin da ya kawo mu, ya yi wa Gwaggo sannu. Wurin da aka tsananta miki tambaya, aka nemi kati, aka rubuta suna, kada ki ji haushi, ki gode wa Allah, don haka za a tsananta wa wanda zai kwana a ɗakin da ke kusa da naki.

Kada ki biya ko sisi sai kin ga ɗakin da idonki, ba wanda za a nuna miki a hoton waya ba, ainihin wanda za ki kwana a ciki. Ba rashin kunya ba ne, kuɗinki ne. In kin shiga fara da ƙofa. Makulli kaɗai bai isa ba domin kuwa akwai irinsa a hannun ma'aikata, ki duba ko akwai sakata ta ciki, ki zura ta ki ja ƙofar ki ji. Ki duba taga ko tana da ƙarfe da raga, labulen kuma ko yana rufewa duka. Ki shiga banɗaki ki murɗa famfo, in ya zubo ki tari bokiti ki cika tun yanzu, don famfon birni ba shi da alkawari. Sannan ki yaye zanen gado ki duba bakin ɗinkin katifa, in kin ga ɗigo-ɗigon baƙi ko jini-jini to kuɗin cizo ne, ki ce a sauya miki, in babu wani ki kama gabanki, don ba cizon daren kaɗai ba ne, a jakarki za su biyo ki har gida Inna ta shekara tana zuba wa gado tafasasshen ruwa. Ni dai da zanen gadona nake tafiya da ɗan bargo da silifas na wanka da butata. In dare ya yi kafin ki cire hijabi, ki kashe fitila ki haska fitilar waya ki bi bango da jikin ƙofa da saitin gado, in akwai huda ko wani ɗan abu mai ƙyalli da ba ki gane masa ba ki toshe ko ki rufe da tsumma. Zamani ne ya zo da haka, kyamara yanzu ba ta fi ƙwayar wake ba.

Maganar wuta kuma kada ki tambaya "akwai wuta?" don kowa zai ce miki akwai. Ki ce, "In NEPA ta ɗauke ƙarfe nawa kuke tayar da inji, ƙarfe nawa kuke kashewa?" Nan za ki ji gaskiya. Wurin da ke da sola ya fi kwanciyar hankali, ko ba komai fanka za ta kai ki asuba. Ɗaki mai fanka ya fi mai na'urar sanyaya ɗaki araha, kuma in lokacin hunturu ne daga Disamba zuwa Janairu, biyan kuɗin na'ura asara ce tsagwaronta, bargo ma za ki nema. Amma ita JAMB ta fi faɗowa wajen watan Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da bangon Kano ke fitar da zafi kamar tanderun gurasa, to a nan ki fi damuwa da taga da fanka fiye da talabijin. Ki kuma tambayi lokacin fita. Yawancin otal ƙarfe 12 na rana kwana ke ƙarewa, in kin wuce sai a ce kin shiga wani kwanan. In kin san sabgarki za ta kai azahar, ki kwashe kayanki tun safe ki miƙa makulli, ki roƙi a ajiye miki jakar a wajen kanta. Da wannan 'yar dabarar kaɗai kin tsira da kuɗin kwana guda.

Mu zo kan kuɗi, wanda shi ne ƙashin bayan tafiyar. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na ɗaki suka daina zama wuri ɗaya, don haka kada ki yi lissafi da farashin da wata ta faɗa miki na bara. Ana jibi za ki tafi a tambayo tasha, a kuma buga wa masaukin waya. In an ce miki ɗaki kaza ne, ki ce, "Da haraji a ciki ko babu?" Harajin VAT kashi 7.5 cikin 100 ne tun Fabrairun 2020. A misali a ce ɗakin naira 15,000 ne, harajin ya kama 1,125, kin ga ya zama 16,125, wasu kuma su ɗora abin da suke kira kuɗin hidima. Ba wani abu ba ne ga mai shi, amma ga wadda ta tara kuɗinta da ɗinkin hula da adashi, wannan ɗorin shi ne abincin darenta. Ki nemi ragi kuma, kunyar me? In tsakiyar mako ne ɗakuna babu kowa sukan rage. In kin biya ki karɓi rasit, a rubuta kwanan wata da lambar ɗaki.

Kafin ki baro gida ki raba kuɗinki. Na komawa gida shi za ki fara cirewa, ki ƙulle shi daban a lalita ko a haɓar zanen Inna, ki manta da shi kamar babu, ko atamfar da ta fi kowacce kyau kika gani a Kwari kada hannunki ya kai can. Sai na ɗaki, sai na ci da na A Daidaita, sai kuma ɗan na ko-ta-kwana, don ana iya cewa na'ura ta ƙi karɓar yatsanki ko likita bai zo ba, a ce ku dawo gobe. Kada duka su zauna a jaka ɗaya, kada kuma duka su zauna a waya. Waɗanda suka ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 ba sa bukatar a yi musu bayani, ranar da sabis ya ɗauke mai POS kallon ki kawai zai yi. Ki riƙe canji ƙanana saboda masu A Daidaita, da zarar kin miƙa dubu sai canji ya ɓace a duniya.

Abincin otal kuwa ki bar wa masu otal. Farantin shinkafa ɗaya a can ya saya muku garau-garau ku biyu har da fura. Ki taho da guzurinki daga gida, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, ɗan yaji, dambun nama in an samu, da filas na ruwan zafi da kayan shayi. Da yamma kafin magariba a fita a sayo gurasa ko ɗanwake ko awara a dawo, da safe ga mai koko da ƙosai a kowane lungu. Wadda za ta zauna jarrabawa dai kada ta gwada abin da cikinta bai saba da shi ba a daren, kin ji ko? Kada a je ana tsakiyar lissafi ciki ya ce bai san zance ba.

A cikin gari A Daidaita Sahu ce motarki, tunda an hana acaɓa ɗaukar fasinja a birni tun Janairun 2013. Ki yi ciniki kafin ki hau, ki kuma faɗa masa ba shata kika ɗauka ba, in ba haka ba ya kai ki ke kaɗai ya caje ki kuɗin mutum uku. Da kun ajiye kaya da la'asar, ku hau ku je ku gano cibiyar jarrabawar ko ƙofar asibitin, ku san hanya da kuɗinta, in kun dace da direba mai hankali ku yi alkawari ya zo ya ɗauke ku da asuba. Waya a cikin jaka, jaka a cikin hijabi, kada ki zauna a bakin ƙofa kina latse-latse, masu ƙwacen waya ba sa sallama. A Yulin 2022 gwamnati ta sa dokar hana A Daidaita yawo daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, saboda haka mai sammako ta tambayi masu masaukin yadda ake ciki tun da rana. Ke dai ko babu doka, isha'i ta same ki a ɗaki da sakata a zure. Ki kuma duba kalanda, Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce a Kano, ana tsayar da zirga-zirga da safe.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, ku matso kusa. Akwai wata irin araha da ta fi kowace tsada tsada, ita ce a ce miki, "Ke dai taho, na kama miki ɗaki." Saurayin da kuka haɗu a Facebook ko TikTok, wanda bai taɓa zuwa zauren gidanku ya gaida Baba ba. Ko wanda ya ce zai sa ki a fim, ko zai samo miki gurbin karatu, ko aiki, wai ki zo a yi miki gwaji a ɗaki lamba kaza. Wane irin gwaji ne ba a yin sa a ofis da rana tsaka? Ɗakin da ba ke kika biya ba, ba sunanki ne a littafi ba, makulli na biyu kuma yana aljihun wanda ya biya. In abu ya ɓaci shi zai sa hularsa ya fice, ke za a ɗauka a hoto, ke za a kira sunan garinku a rediyo, ƙannenki mata ma da ba su san hawa ba su san sauka ba sai abin ya shafi aurensu. Ko wanda aka sa muku rana ne, ko an kawo lefe, in yana son taimakawa ya kai kuɗin hannun Baba ko Yaya, su su kama ɗakin. Haka nan in kuna masauki kada ki faɗa wa kowa lambar ɗakinku, mai son gaishe ku ya tsaya a wajen kanta Inna ta fito. In an ƙwanƙwasa da dare an ce ma'aikaci ne, ki amsa ta bayan ƙofa ki ce da safe. Lambar Yaya da ta mai kanta su kasance a saman wayarki da caji a cike.

To in an gama abin da ya kawo ku da sauran rana, kada ku zauna kuna kallon silin, birni fa kuka zo. Akwai wuraren da kuɗin shigarsu bai taka kara ya karya ba. Gidan Makama yana nan daura da fadar Sarki, gidan tarihi ne, za ki ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan sarakuna, abin da kika haddace don jarrabawa ki gan shi ido da ido. Marinar Ƙofar Mata tana kusa da Asibitin Murtala, ki ga yadda ake tsoma zane a baba ya fito shuɗi. Mai ƙarfin gwiwa ta hau Dutsen Dala ta hango Kano gaba ɗaya, amma ban ba da shawarar a ja Inna ba, ni Gwaggo tun daga gindin dutsen ta ce in gaida Barbushe. In da yara a tafiyar sai Gidan Zu. Kantin Kwari kuma kallo kyauta ne, sai dai shi ne kallon da ya fi cin kuɗi a duniya. In da niyyar sayayya ki zaga shago uku kafin ki taya, kuma wanda ya tare ki a bakin layi ya ce zo in kai ki, ki sani ladansa a cikin kuɗin atamfarki yake. Kayan kicin da na ƙamshi a Kasuwar Rimi, robobi da gwanjo a Ƙofar Wambai, mu kuma 'yan karatu a ratsa wajen 'yan littattafai a ɗauko ko guda biyu ne, a zo a yi ta aro har bango ya cire.

La'asar ta yi muku a tashar Kabuga, don ku isa gida da sauran haske, motar yamma ta fi cika da wuri amma ta fi matsi, in da hali ku biya kujerar da ba za a haɗa ku da maza ba. Tsaraba ba sai mai yawa ba, gurasa da alewa na yara, goro ko dabino na tsofaffi, ɗan turare na Baba. In kun isa a haɗa masa da rasit ɗin masaukin a miƙa masa ya gani, ya ajiye a aljihunsa, don ƙanwarki ma tana tafe nan da shekara biyu.

Wadda ke da tambaya ko ƙarin bayani ta aiko ta ofishin mujalla kamar kullum, a rubuta Filin Ƙawaye a bayan ambulan. Fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu sai maganar lalle da dilka, masu biki bayan Salla ku tanadi kurkur da lemon tsami.

Taku har kullum, daga Madadi.